Daga gadon asibiti zuwa layin ƙarshe: ma'aikacin da bas ta murƙushe ya kammala tseren kilomita 226

Ganuwar da Sarkin Bauchi Yakubu ya kewaye birninsa da ita bayan kafa shi a 1809 tana da da'irar kusan kilomita goma da rabi. Yawancinta ta zube, gari ya tsallake ta ya bazu ta kowace fuska, amma ƙofofinta na nan da sunayensu: Ƙofar Wambai, Ƙofar Ran, Ƙofar Wunti, Ƙofar Idi, Ƙofar Dumi da sauransu. Wanda ya tashi daga Ƙofar Wambai ya bi sawun ganuwar har ya dawo inda ya faro, ya maimaita haka sau huɗu, to ya ci kilomita 42. Wannan nisa shi ne kashi na uku kuma na ƙarshe na gasar Ironman. Kafin ɗan tsere ya fara shi, sai ya yi ninƙaya ta kilomita 3.8, wato tsawon kwamin ninƙaya mai mita 50 sau 76, sannan ya tuƙa keke kilomita 180, kusan nisan Abuja zuwa Kaduna. Ana so ya gama duka ukun cikin awa 17, ba tare da an tsayar masa da agogo ko sau ɗaya ba.

A watan Yulin 2009, wani ma'aikacin hukumar kashe gobara ta birnin New York a Amurka mai suna Matt Long ya tsallake layin ƙarshe na irin wannan gasa a garin Lake Placid, saura ƙasa da minti biyu a rufe fage da ƙarfe 12 na dare. Shekara uku da rabi kafin wannan dare, likitoci sun ƙiyasta cewa damar rayuwarsa ba ta wuce kashi biyar cikin ɗari ba. Long ba ɗan wasan da ke cin abinci da tsere ba ne. Ma'aikacin gwamnati ne mai albashi, wanda ke atisaye kafin ya tafi aiki da bayan ya tashi, kuma hatsarin da ya kusa halaka shi ya same shi ne a kan hanyarsa ta zuwa wurin aiki. Waɗannan abubuwa biyu ne suka sa labarinsa ya shafi duk wanda ke fita da sassafe daga Kubwa, Nyanya ko Ƙofar Wambai zuwa ofis.

Safiyar da komai ya sauya

Shekarar 2005 ta zo wa Long da nasara. A lokacin bazararsu ya kammala Ironman ta Lake Placid cikin awa 11 da 'yan mintoci. A Nuwamba ya yi gudun fanfalaki na New York cikin awa 3 da minti 13, lokacin da ya ba shi gurbi a gasar Boston, wadda ba kowa ke samun shiga ba. Yana da shekara 39.

Ranar 22 ga Disamba, ma'aikatan jiragen ƙasa da bas-bas na birnin suna cikin kwana na uku na yajin aiki. Long ya hau kekensa cikin tsananin sanyi ya nufi makarantar horar da 'yan kwana-kwana. A wata mahaɗa a tsakiyar Manhattan, wata babbar bas da aka yi haya domin jigilar ma'aikata ta sha kwana ta haɗiye shi da keken. Ƙarfen sirdin keken ya huda jikinsa, ƙashin ƙugunsa ya farfashe, ƙafa da kafaɗa suka karye, kayan cikinsa suka yi mummunan rauni. An ƙara masa jini leda 68 a kwanakin farko. Ya yi kusan wata biyar a asibiti, kuma an yi masa tiyata fiye da sau 40. Likitocinsa sun danganta tsirarsa, bayan nufin Allah, da ƙarfin zuciya da huhun da shekarun atisaye suka gina masa.

Sallama daga asibiti ba ta zama ƙarshen jinya ba. A littafinsa mai suna The Long Run, wanda ya fito a 2010, ya ba da labarin watannin da ya yi cikin ƙunci da yanke ƙauna, yana gudun mutane, yana ganin jikinsa kamar na wani baƙo. Sai a farkon 2008, bayan dogon horo a hannun masu gashin ƙashi, ya iya yin sassarfar mil ɗaya, wato kilomita 1.6, kuma ta ci masa fiye da minti 17. Mai cikakkiyar lafiya na iya takawa da ƙafa ya riga shi. A Nuwambar wannan shekarar ya koma gudun fanfalaki na New York ya gama cikin awa 7 da minti 21, fiye da ninki biyu na lokacinsa na da. Bayan wata takwas ya tsaya a bakin tafkin Mirror a Lake Placid, garin duwatsu da ya karɓi gasar Olamfik ta lokacin sanyi a 1932 da 1980, ya shiga ruwa da ƙarfe 7 na safe tare da sauran 'yan tsere. Lokacin da ya ɗingiso zuwa layin ƙarshe, waɗanda suka lashe gasar sun daɗe da yin wanka sun ci abinci.

Asalin tseren rukuni uku

Wasan da Turawa ke kira tirayatlon bai tsufa ba. An yi na farko a tsarinsa na zamani ranar 25 ga Satumban 1974 a San Diego ta jihar Kalifoniya, mutum 46 suka shiga. Ironman kuwa gardama ce ta haife ta: a tsibirin Oahu na Hawai an yi ta jayayya kan wa ya fi juriya tsakanin mai ninƙaya, mai keke da mai gudu, sai wani hafsan sojan ruwa, John Collins, da matarsa Judy suka kawo shawarar a haɗa manyan gasanni uku na tsibirin a yini guda. Ranar 18 ga Fabrairun 1978 mutum 15 suka tashi, 12 suka gama, Gordon Haller ya zo na ɗaya cikin awa 11 da minti 46. Wasan ya shiga Olamfik a Sidni a 2000 da nisa mai sauƙi: ninƙaya kilomita 1.5, keke kilomita 40, gudu kilomita 10. Akwai kuma gajere, mai rabin wannan nisa, wanda yawancin sababbin shiga ke farawa da shi. Rukunin masu buƙata ta musamman ya shiga gasar Faralamfik a Riyo a 2016.

Abin da ya bambanta wannan wasa da ƙwallon ƙafa shi ne yawancin masu cika fagensa ba ƙwararru ba ne. Malamai ne, ma'aikatan jinya, 'yan kasuwa da masu ritaya, ana jera su rukuni-rukuni bisa shekaru, suna bin hanya ɗaya da zakarun duniya a rana ɗaya. Cikinsu akwai da yawa da rauni ne ya kawo su. Turia Pitt, injiniyar ma'adinai 'yar Ostireliya, ta ƙone kashi 65 cikin ɗari na jikinta lokacin da wutar daji ta rutsa da ita a wani dogon tsere a 2011, ta kuma kammala Ironman har sau biyu a 2016. Ko a cikin ƙwararru, Tim Don ɗan Birtaniya ya karye a wuya a Oktoban 2017 bayan mota ta buge shi a kan keke, ya yi wata uku da ƙarfen da aka ɗaure masa a ƙoƙon kai da kusoshi, sannan ya yi gudun Boston a Afrilun 2018 cikin awa 2 da minti 49.

Dalilin da ya sa ruwa ke zuwa farko

Akwai hikima ta likitanci a yadda mai rauni ke samun kansa cikin wannan wasa. Jerin rukunan uku ya yi daidai da matakan da masu gashin ƙashi ke bi wajen mayar da nauyi a kan gaɓar da ta samu rauni.

Idan ƙashi ya karye, jini ne ke fara taruwa ya daskare a wurin, wurin ya kumbura. Cikin makonni biyu zuwa uku sai wani nama mai kama da guringuntsi ya haɗa bakunan karayar. A tsakanin mako shida zuwa goma sha biyu, ga babban mutum, wannan naman ke rikiɗa ya zama ƙashi mai tauri. Daga nan jiki ya shiga sassaƙa shi, aikin da kan ɗauki watanni, wani lokaci shekaru. Tun a 1892 likitan Jamus Julius Wolff ya bayyana cewa ƙashi na gina kansa gwargwadon nauyin da ake ɗora masa. Wanda aka bar shi babu aiki yakan yi laushi, wanda aka ɗora wa fiye da ƙima kafin lokaci yakan sake tsagewa. Tsoka kuwa tun a makon farko na kwanciya take fara zubewa, gaɓar da aka daɗe ba a lanƙwasa ba ta sage. Jijiyoyin da ke riƙe gaɓoɓi sun fi ƙashi jinkirin warkewa saboda ƙarancin jinin da ke isa gare su, shi ya sa wanda aka yi wa aikin jijiyar gwiwa kan yi wata tara ko fiye kafin a sake shi ya koma fili.

A nan ruwa ke da amfani. Mutumin da ya shiga ruwa zuwa ƙugu, ƙafafunsa na ɗauke da kusan rabin nauyinsa ne kawai. Idan ruwan ya kai wuya, abin da ya rage bai wuce kashi ɗaya cikin goma ba. Saboda haka zuciya da huhu na iya komawa aiki tun ƙafa ba ta shirya ba. Keke ne mataki na biyu: gwiwa da ƙugu na juyawa, tsokar cinya na dawowa, amma sirdi ne ke ɗauke da nauyi. Gudu ke zuwa ƙarshe domin kowane taku na dukan ƙafa da ƙarfin da ya ninka nauyin jiki sau biyu zuwa uku. Wanda ya tsallake matakan farko ya faɗa na ƙarshe, shi ne ake gani ya koma asibiti da sabon ciwo. Sannu ba ta hana zuwa, in ji Bahaushe, kuma Long ya yi fiye da shekara biyu kafin mil ɗinsa na farko.

Tsakanin mai ɗori da mai gashin ƙashi

A cikin garin Bauchi, kamar sauran biranen Arewa, wanda ya faɗo daga babur ko ya karye a filin ƙwallo sau da yawa gidan mai ɗori ake fara kai shi. Sana'a ce ta gado, tana kusa da jama'a, kuɗinta da sauƙi, kuma mutane sun ga waɗanda suka warke ta hanyarta. Sai dai likitocin ƙashi a Nijeriya sun daɗe suna jan hankali kan haɗari guda: idan aka ɗaure karan ɗori tamau a kan gaɓar da ke ci gaba da kumbura, jini na iya daina gudana, nama ya mutu, har a kai ga yanke hannu ko ƙafa. Alamun da ke nuna lokacin garzayawa asibiti ya yi su ne ciwon da ke ƙaruwa maimakon raguwa, yatsu su yi sanyi ko su sauya launi, ko su daina jin taɓi. Haka nan karayar da ƙashi ya huda fata, ko ta ƙugu, ko ta kashin baya, ba ta gidan ɗori ba ce ko kaɗan.

Wurin zuwa bai yi nisa ba. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa na cikin garin Bauchi, akwai asibitin gwamnatin tarayya a Azare, ga Asibitin Ƙashi na Ƙasa da ke Dala a Kano, ɗaya daga cikin tsofaffi uku na ƙasar nan tare da na Igbobi a Legas da na Enugu. A Abuja, Babban Asibitin Ƙasa na da cibiyar kula da waɗanda suka yi hatsari.

Giɓin da ya fi yawa yana zuwa ne bayan an cire siminti. Ƙashi ya haɗe, hoto ya nuna lafiya, 'yan uwa sun yi barka, sai a ɗauka an gama. Mai jinya ya je gashin ƙashi sau biyu ko uku, kuɗin mota da na kati su yi masa yawa, ofis na jiran sa, ya daina. Bayan shekara guda yana ɗingishi, gwiwa ba ta lanƙwasuwa yadda zai zauna tahiya a sallah, hawa benen sakatariya ya zame masa aiki. Da yawa daga cikin ɗingishin da ake ɗauka ƙaddarar karaya ce, ragowar jinyar da ba a ƙarasa ba ce. A Nijeriya akwai hukumar da ke yi wa masu gashin ƙashi rajista tun bayan dokar 1988, kuma mai jinya na da haƙƙin tambayar ko wanda ke murza masa gaɓa yana da lasisinta.

Abin da doka ta tanadar wa ma'aikaci

Da irin hatsarin Long zai sami ma'aikaci a kan titin Kefi zuwa Abuja, dokar da za a duba ita ce Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata ta 2010, wadda asusun NSITF ke aiwatarwa. Dokar ta shafi ma'aikatan gwamnati da na kamfanoni, ban da sojoji masu kaki. Mai ɗaukar aiki ne ke zuba kashi ɗaya cikin ɗari na jimillar albashin da yake biya, ba a cire ko kwabo daga albashin ma'aikaci. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne dokar ba ta tsaya ga raunin da aka ji a cikin ofis ba. Ta haɗa da hatsarin da ya auku a kan hanya tsakanin gidan ma'aikaci da wurin aikinsa. Ta kuma tanadi kuɗin magani, diyyar naƙasa, da taimakon farfaɗo da ma'aikaci har ya iya komawa aiki.

Amma akwai wa'adi. Ma'aikaci, ko iyalinsa idan ba ya iyawa, zai sanar da ma'aikatarsa cikin kwana 14. Ma'aikatar za ta kai rahoto ga asusun cikin kwana 7. Takardar neman diyya kuma ana shigar da ita cikin shekara guda. Hadimin da ke kula da fayilolin maigidansa, ko jami'in mulki da ke sashen ma'aikata, shi ne sau da yawa ke tsakanin abokin aikin da ke kwance da wannan haƙƙi. Wasiƙa ɗaya da aka rubuta a makon farko na iya zama kuɗin gashin ƙashi na wata shida.

Ruwa, keke da hanya a gida

Babu ɗaya daga cikin rukunan uku da yake baƙo a ƙasar Hausa. A bikin kamun kifi na Argungu, wanda ya samo asali a 1934, ana gasar ninƙaya da tseren kwale-kwale. Keke ya daɗe yana kai malami makaranta da manomi gona. Juriyar tafiya kuwa, ba a manta da Suleiman Hashimu ba, wanda ya taka daga Legas zuwa Abuja a 2015. Jihar Bauchi na da wani abin da masu jinya a wasu ƙasashe ke biyan kuɗi mai yawa su samu: maɓuɓɓugar Wikki a gandun dajin Yankari, ruwa garai-garai mai ɗumin kusan digiri 31 dare da rana, rani da damina. A cikin gari ga filin wasa na Abubakar Tafawa Ɓalewa, gidan ƙungiyar Wikki Tourists, wanda ya karɓi wasannin cin kofin duniya na 'yan ƙasa da shekara 17 a 2009. A Abuja, filin wasa na Moshood Abiola da aka gina domin wasannin Afirka na 2003 na da kwamin ninƙaya da zauren tseren keke, ƙungiyar wasannin ma'aikatan tarayya ta FEPSGA kuma na shirya tattaki da gasannin shekara-shekara.

Sai dai kowane rukuni na da tarkonsa a nan. Ruwan dam da kududdufi na iya ɗauke da ƙwayar tsargiya, wadda ke shiga ta fata, kuma wanda ke da ɗinkin da bai rufe ba bai kamata ya shiga kowane ruwa ba. Titunan da keke zai bi su ne na tirela da tanka, don haka hular kwano da fita da hantsi kafin cunkoso ba ado ba ne. Zafin Maris da Afrilu a Bauchi na kusantar digiri 40, lokacin da gudun tsakar rana kan zama kasada ko ga mai lafiya.

Tarkon da ya fi kowanne shi ne maganin kashe ciwo. Wanda ya sha ƙwaya domin ya iya gudu ya toshe bakin mai gargaɗinsa ne, domin ciwo shi ne hanyar da gaɓa ke faɗin ta gaji. Magunguna irin su ibuprofen da diclofenac, idan aka haɗa su da doguwar wahala da ƙishirwa, suna iya taɓa ƙoda. Tramadol kuwa, wanda ya riga ya zama annoba a tsakanin matasa, hukumar tseren keke ta duniya ta haramta shi a gasa tun 2019, hukumar yaƙi da shan ƙwayoyin ƙara kuzari ta duniya ta bi sahu daga Janairun 2024. Ƙa'idar da masu gashin ƙashi ke bayarwa mai sauƙi ce: ɗan tsamin jiki da ya lafa kafin washegari ba laifi, amma ciwo mai suka a wuri guda, ko kumburin da ya kwana, ko ɗingishin da ya ƙaru, alama ce ta a koma mataki na baya.

Mafi yawan masu karanta wannan ba za su taɓa yin kilomita 226 a yini ɗaya ba, kuma ba a buƙatar su yi. Hukumar Lafiya ta Duniya na ba babban mutum shawarar motsa jiki na minti 150 zuwa 300 a mako, wato tafiyar sauri ta rabin awa sau biyar ta isa mafari. Gajeren tseren rukuni uku na ƙarewa da gudun kilomita 5, kuma ana yin sa ta hanyar karɓa-karɓa: mutum uku daga sashe ɗaya, ɗaya ya yi ninƙaya, ɗaya keke, ɗaya gudu. A irin wannan tsari, wanda gwiwarsa ba ta gama warkewa ba yana da gurbi a ruwa. Long ya ƙara fiye da awa biyar a kan lokacinsa na 2005 kafin ya gama a 2009, kuma lambar da aka rataya masa a wuya iri ɗaya ce da ta duk wanda ya riga shi isowa.